Usta, fara littafin daga abin da yaro zai gani

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani usta mutumin Mai Wurno, kudu da Sinnar a Sudan, wanda ya yi shekaru yana tsaye gaban tukunyar tururi, wadda muka fi sani a nan da gallaya. An ba shi samari huɗu ya koya musu aiki. Littafin da masu ƙera injin suka aiko da shi ya salwanta a hargitsin yaƙi, kuma ko yana nan da Turanci yake, alhali yaran Hausa suke yi a gida, Larabci suka karanta a makaranta. Tambayarsa ita ce: ta ina zai fara rubuta musu abin da za su riƙa dubawa idan gallaya ta kawo matsala?

Usta, Allah ya saka da alheri da ka yi wannan tunani yanzu. Tun da aka buɗe masana'antar sukari ta Junaid a 1962, ta Sinnar ta biyo baya a 1976, mutanenmu na ƙauyukan Jazira da bakin Shuɗin Nilu suke shiga wannan aiki, wasu daga yankan rake suka fara har suka kai ɗakin wuta. Haka a masana'antun matsar man riɗi da gyaɗa da 'ya'yan auduga, haka a masaƙu. Amma mafi yawan ilimin a ka yake da kunne, ba a takarda ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, sai Janairun 2025 sojoji suka dawo da garin, kuma a tsakanin nan ustoci sun watse, wani Gadarif, wani Kasala, wani Masar, wani ya riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya dawo ya tarar da gallaya a sanyaye da sababbin yara a gabanta, rubutu ya zame masa dole.

Kuskuren da nake so ka kauce wa shi ne ka kwaikwayi tsarin littafin kamfani: babin turumba, wato famfon tura ruwa, babin murhu, babin fanka, babin bututun hayaƙi. Wannan tsarin mai ƙera inji ne, shi da ya san sunan kowane ƙarfe. Yaron da ke wardiyyar dare, wato aikin dare, bai san turumba ce ta lalace ba. Abin da ya sani shi ne allurar agogon matsi tana sauka, ko ya ji wata ƙara da bai saba ji ba. Saboda haka kan kowane shafi ya zama maganar da zai faɗa idan ya sheƙo wurinka da gudu: "Usta, ruwa ya ɓace a gilashi." "Usta, hayaƙi ya yi baƙi." "Usta, masura tana bugawa kamar ana dukanta da guduma." Ka zauna ka tuno duk abin da aka taɓa tashinka daga barci a kansa. Ba za su wuce goma sha biyar ko ashirin ba, kuma su ne littafinka.

A ƙarƙashin kowane kai, abu na farko shi ne abin da hannu zai yi nan take, kafin a san dalili. Bayan shi sai abubuwan dubawa, daga mai sauƙi da ake gani da ido zuwa wanda sai an kwance ƙusa. A ƙarshen shafi ka ja layi ka rubuta inda ikon yaro ya ƙare, wato daga nan sai a kira usta ko injiniya. Kada shafi ya zarce fuska ɗaya ta takarda. Mutumin da gabansa ke faɗuwa ba ya juya shafi.

Shafin farko, ba tantama, shi ne na ɓacewar ruwa a gilashin da ke nuna yawan ruwan gallaya, kuma a kansa nake so ka fi daɗewa da yaranka. Gallayar da ke aiki a bar 10, ruwan cikinta yana kusan digiri 184 na zafi, matsi ne kawai ya hana shi zama tururi. Lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi a sarari tana cika wurin lita fiye da 1,600. Ƙarfen da wuta ke lasa kuwa ruwan da ke bayansa ne yake sanyaya shi. Da zarar ruwa ya sauka ya bar shi tsirara, sai ya yi ja, ya yi laushi, ya fara kumbura. A wannan halin, abin da zuciyar kowane sabon yaro za ta ce masa shi ne ya yi maza ya tura ruwa. Wannan ne abin da ke kashe mutane. Ruwa a kan jan ƙarfe yana iya tsaga shi, kuma idan ya tsage duk ruwan da ke ciki zai nemi fita a lokaci guda. A 1905 gallayar wata masana'antar takalma ta fashe a garin Brockton na Amurka, mutum 58 suka mutu, kuma irin waɗannan masifu ne suka sa injiniyoyin ƙasar suka tsara dokokin ƙera gallaya da duniya ke amfani da su har yau.

To ga yadda zan rubuta saman shafin da manyan baƙaƙe, in ni ne kai. Kashe wuta. Kada ka tura ruwa. Kira usta. Kada ka buɗe komai, bar ta ta huce da kanta. Idan gallayar mai ƙona farnas ce, wato baƙin mai, kashe wuta abu ne na daƙiƙa ɗaya, rufe mai kawai. Idan mai cin bagas ce, wato sauran raken da aka matse, sai ka yi wa yaro bayani dalla-dalla, domin wutar bagas ba ta mutuwa da danna maɓalli: a tsayar da abin da ke zuba bagas, a kashe fankar da ke hura iska, a sani kuma cewa bulon murhu zai ci gaba da fitar da zafi na tsawon lokaci. Ka rubuta jerin yadda ya dace da naka murhun, kai ka san shi.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata shafin ya ambata. Gilashin da ya cika maƙil da wanda ba komai a cikinsa kusan kama ɗaya suke yi wa ido, musamman da dare a hasken tocila. Buɗe ɗan balf ɗin zubarwa da ke ƙasan gilashin na ɗan lokaci yana bambance su: idan cika ya yi, za ka ga layin ruwa ya leƙo daga sama. Amma ka rubuta masa cewa idan ya yi shakka, ya ɗauka babu ruwa. Asarar tururin awa biyu ba ta kai asarar gallaya ba, balle rai.

Sai bayan wuta ta mutu ake neman dalili, kuma a nan jerin sauƙi zuwa wuya yake aiki. Akwai ruwa a tanki? Turumba tana juyawa, ko lantarki ya yanke mata? Balf ɗin tafwir, wanda ake zubar da dattin ƙasan gallaya da shi, a rufe yake ruf? Wannan na ukun ya fi yadda ake zato faruwa: mutum ya buɗe shi, wani ya kira shi, ya tafi. Doka ɗaya ce maganinsa, hannun da ya buɗe tafwir ba ya barin balf ɗin sai ya rufe shi, ko wa ke kira. Daga nan sai matacin da ke gaban turumba, ko ya toshe. Idan turumba tana ƙara kamar tana tauna tsakuwa, ruwan da take ja ya yi zafi da yawa ko bai isa ba, yana tafasa a bakinta. Can ƙasan jerin ne za ka sa fashewar masura, wato bututu, a cikin murhu, wadda alamarta huci ne da ba ya yankewa da farin hayaƙi mai nauyi.

Gilashin kansa yana ƙarya idan laka ta toshe hanyarsa. Don haka gwajinsa ya zama aikin farkon kowace wardiyya, a gaban mai miƙa aiki da mai karɓa. A rufe balf na ƙasa, a buɗe na zubarwa, tururi ya fita da ƙarfi. A rufe na sama, a buɗe na ƙasa, ruwa ya fita. A rufe na zubarwa, a buɗe na sama, ruwan ya dawo inda yake nan da nan. Ruwa mai rai a gilashi yana ɗan motsi sama da ƙasa. Wanda ya tsaya cak kamar zane, ko ya dawo a hankali yana jan ƙafa, abin tsoro ne.

Shafin saukar matsi ya fi kowanne amfani kullum, kuma shi ne yake koya wa yaro cewa matsalar da aka gani a gallaya sau da yawa ba a gallaya aka haife ta ba. Farko a tambaya ko masu amfani da tururi sun ƙara ja, ko akwai inda yake zurara. Sai a dubi abincin wuta. Bagas yana fitowa daga injin matsa da ruwa kusan rabin nauyinsa, kuma da zarar danshin ya haura hakan da 'yan kaso kaɗan, wuta ta fara kasala. Ka sa yaro ya damƙi bagas a hannunsa kowace awa har tafinsa ya san bambanci: mai kyau yana warwatsewa idan ka saki, jiƙaƙƙe yana dunƙulewa ya bar sanyi da danƙo a hannu. Idan haka ne, gyaran yana wurin masu matsa, sai a aika musu. Hayaƙi ma malami ne. Baƙi yana nufin abinci ya fi iska yawa, a dubi fanka da ƙofofin iska da tokar da ta taru ta toshe ramukan da iska ke shigowa. Fari mai kauri yana nufin danshi. Idan duk waɗannan lafiya, a karanta zafin hayaƙin da ke fita a kwatanta da na ranar da aka wanke gallaya. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce kowane ƙarin digiri 20 da ɗoriya a bututun hayaƙi daidai yake da asarar kusan kashi 1 cikin 100 na makamashi. Zafin da ya kamata ya shiga ruwa ne yake tserewa sama, saboda kunkunniya ta rufe masura ta waje ko ɓawo ya rufe ta ta ciki.

Wannan ya kawo mu ga ruwa, inda littafin baƙo ba zai taimake ka sosai ba, domin wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin Shuɗin Nilu a watan Agusta ba. Daga Yuli zuwa Oktoba kogin yana saukowa daga tsaunukan Habasha jajawur da laka, ita ce take cike magudanan ban ruwan Jazira kowace shekara, kuma ita ce za ta kwanta a ƙasan gallayarka idan tankin kwantar da ruwa da alif da matatar yashi suka gaza. Ruwan rijiya kuma ya fi haske a ido amma sau da yawa ya fi gishirin da ke zama ɓawo. Kada ka wahalar da kanka wajen bayanin ɓawo. Ɗauko tsohuwar butar shayi, ka sa yaro ya leƙa cikinta ya kankari farin abin da ya kama gindinta da farce, ka ce masa haka cikin masura yake zama, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin wannan ɓawon yana ƙonewa ko da ruwa cike. A shafin ka rubuta sau nawa ake tafwir a rani, sau nawa a damina, da yadda ake sabunta na'urar tausasa ruwa da gishiri. Inda babu ɗakin gwaji, kwalba da 'yan ɗigon ruwan sabulu suna ba da labari: ruwa mai taushi yana kumfa nan da nan kuma kumfar ta daɗe, mai tauri yana yin fari-fari ba kumfa.

Masu aiki a masana'antar sukari suna da shafi na musamman, na ranar da sukari ya shiga ruwan da ke dawowa daga tukwanen dafa ruwan rake. Hanci ne yake fara sani, wari kamar na alewar da ta ƙone. Ruwan gilashi ya yi duhu, ya fara tsalle yana kumfa. Sukari a cikin wannan zafin yana rikiɗewa ya zama tsami mai cin ƙarfe, kumfar kuma tana tura ruwa cikin masurar tururi har ya kai ga injin da tururi ke juyawa. Aikin hannu na farko shi ne a karkatar da ruwan da ke dawowa zuwa waje, a koma kan ruwa mai tsabta, a rage wuta, a sanar da ɗakin gwaji. Su za su gwada da alfa naftol, wanda ke fitar da zobe mai launin shuni-ja idan akwai sukari, su kuma za su faɗi yawan sodar da za a ƙara. Wannan yana ƙasan layin da na ce ka ja, ba aikin yaro ba ne ya auna da ido.

Shafin gallaya mai ƙona farnas gajere ne. Wuta ta mutu: a rufe mai, a bar fanka ta kore iskar murhu tsawon lokacin da aka ƙayyade, sannan a dubi zafin man, domin farnas mai sanyi ba ya feshi, a dubi mataci, a goge idon da ke kallon wuta. Ka rubuta sau nawa aka yarda a sake kunnawa kafin a kira ka. Ni sau ɗaya nake cewa. Kowane yunƙurin da bai kama ba yana ƙara tara mai a murhu mai zafi.

Akwai abin da har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci. Na taɓa shiga wata ƙaramar masana'antar mai, na buɗe akwatin lantarki na gallayarsu, na tarar da guntun waya ja an haɗa baki biyu da ita. Na'urar da ke kashe wuta idan ruwa ya yi ƙasa ce aka tsallake. Na tambayi yaron da ke wurin, ya ce tana yawan kashe musu wuta ba dalili, maigida ya ce a ɗaure ta. Muka kwance tukunyar da abin shawagin na'urar yake ciki, laka ce cike har ta daskare, aikin rabin awa. Watanni yaron nan yana kwana kusa da gallayar da ba mai tsaronta sai idonsa. Don haka a bangon littafinka, kafin shafin farko, ka rubuta abubuwan da ba a yi ko wa ya ba da umarni: ba a tsallake na'urar tsaro da waya, ba a ɗaure balful aman, wato balf ɗin da ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, ko a ƙara masa nauyi don yana huci, ba a ɗaure ƙusa a kan abin da ke da matsi. Ka sa hannu a ƙasa, ka nemi mai masana'anta ma ya sa. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya ce wa maigida a'a da bakinsa ba, amma zai iya nuna masa takardar da shi da kansa ya sa wa hannu.

Shafin da zamaninmu ya ƙara mana shi ne na gallayar da ta yi shekara ɗaya ko biyu a kashe ba tare da an shirya ta ba. Wadda aka gudu aka bari da ruwa rabi, tsatsa ta ci ta daidai layin ruwan, ramuka ƙanana masu zurfi. A buɗe duk ƙofofi, a bar iska ta shiga sosai kafin mutum ya shiga, kuma wani ya tsaya a bakin ƙofa. A duba ciki da fitila, a duba waje ko harsashi ya taɓa wani wuri, a bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya domin an sace tagulla a wurare da yawa. Agogon matsi da balful aman a kai su gwaji. Sannan a gwada jikin gallayar da ruwa, ba da iska ba, ba da tururi ba, yawanci har ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta, a gaban injiniya mai izini. Tsohuwar gallaya shi zai faɗi iyakar da za a kai. Ruwa idan ya sami rauni ɗiga yake yi, iska kuwa fashewa. Bulon murhu da ya sha damina biyu a busar da shi da ƙaramar wutar itace na kwanaki. Masu jiran a fara aiki za su matsa maka lamba, ka nuna musu shafin.

Game da harshe, ka rubuta da wanda yaranka ke karantawa da sauri, ko Larabci ne ko Hausa da baƙaƙen Larabci ko na boko, kuma ka bar sunayen kayan aiki yadda ake faɗarsu a warsha: balf, masura, turumba. Abin da ya fi fassara amfani shi ne fenti. Ka ba kowane balf lamba, ka rubuta ta a jikinsa da girma, ka sa lambar a littafi. "Rufe 7" ba ya buƙatar ƙamus. Ka ɗauki hoton wurin da waya, a buga a manna, a sa shafukan cikin leda a rataye kusa da gallaya. Lambobin da za ka rubuta na matsi da zafi su zama na wannan gallayar, daga daftarin wardiyya na kwanakin da take lafiya, domin wanda bai san yadda lafiya take ba ba zai gane ciwo ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da gallaya take a kashe, ka rufe wani balf a ɓoye, ko ka zare fis ɗin turumba, ka faɗa wa mafi ƙanƙantar yaran alamar, ka miƙa masa shafin, ka koma gefe ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana juya takarda, shafin ne bai fito ba, ka gyara shi a daren. Idan ya kai ƙarshe, ka tambaye shi dalilin kowane mataki, saboda wanda ya haddace ba tare da ya fahimta ba zai rikice ranar da alamu biyu suka zo tare. Kowace sabuwar matsala da ta faru, a ƙara ta da kwanan wata.

Kuma kada ka dogara da kanka kaɗai. Tsofaffin da suka riga ka a wannan ɗakin wuta, waɗanda ke Gadarif ko Kasala yanzu, ka neme su a waya, ka roƙe su su yi maka saƙon murya. Kada ka ce su koya maka gallaya, za su ce ai ka sani. Ka ce: "Baba, wace rana ce ta fi ba ka tsoro, kuma me ka fara ji kafin ka ga komai?"